Huji na huɗu a ƙarfen mahaifina

Shekarun baya, wata Laraba da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, a ɗakin karatun jami'a a Damagaram, na lura da hujin da ke jikin ƙarfen mahaifina. Na san lokacin ne don na rubuta shi a gefen littafina, yadda nake rubuta komai.

Baƙin ƙarfe ne mai siffar faifai, bai kai tafin hannuna ba, irin wanda ake sa wa takubban Japan a gaban mariƙi don ya kare hannu. Wani mutumin Japan da ya yi aikin tare rairayi a wajen Gure ya bar wa mahaifina shi tun ba a haife ni ba, shi kuma ya sa mini a jaka ranar da zan tafi jami'a. Littattafai sun yi bayanin huji uku: na tsakiya na takobin kansa, biyu na gefe na ƴar wuƙa da tsinke. Nawa yana da na huɗu, ƙarami, a can baki, ɗan karkatacce. Na duba hotuna har idona ya yi ja, ban ga irinsa ba. Na yanke shawarar a kansa zan rubuta kundin kammala karatuna. Malamina ya ce in bi a hankali, amma ni na riga na hango sunana a bangon littafi.

Na auna hujin, na zana shi, na aika hotuna gidajen tarihi. Da hutu ya zo ban je gida ba. Mahaifiyata ta kira ta ce ƙafafun Baba sun kumbura, ba ya iya sauka lambunsa a kwari, in zo. Na ce saura kaɗan. Ya karɓi wayar, na ji yana ce mata ta bar ni in yi karatuna. Sannan ya tambaye ni ko ƙarfen yana nan. Na ce yana nan. Ban tambaye shi komai ba. A raina, mai lambu ba zai san abin da littattafai ba su sani ba.

Ya rasu saura kwana goma sha ɗaya in gabatar da aikin. Muna zaman makoki saƙo ya zo daga wani gidan tarihi: hujin sabo ne, ba aikin maƙeran Japan ba ne. Ban gabatar da komai ba a shekarar.

Daga baya na gama karatun da wani batu. Amma har yau ba na iya buɗe wancan littafi. Shafi bayan shafi na awo ne da tambayoyi ga baƙi, alhali mai amsar yana kwance a Gure yana jirana.

Bayan sadakar arba'in, mahaifiyata tana tsintar dabino a tsakar gida, na ajiye ƙarfen a gabanta na nuna mata hujin. Ta juya shi, ba ta ma tsaya tunani ba.

"Babanki ne ya kai wa maƙeri ya huda. A bakin guga yake ɗaure shi, don gugan ya nutse da sauri. Ranar da za ki tafi ya kwance ya ba ki, ya ce ba shi da wani abu mai kyau da ya wuce shi."