Kwalin da Mudira Ta Buga wa Hatimi

A shekarata ta biyu a makarantar mutawassiɗa ta 'yan mata, wato ƙaramar sakandare, ni ce mai rubuta mujallar bango ta ajinmu. Ba don na fi kowa ƙoƙari aka ba ni ba. Hannuna ne ba ya karkacewa, kuma ba na surutu. Malamar tarihi, wadda muke kira Abla kamar sauran malamai, takan miƙo mini rubutun da ta shirya tare da babban farin kwali ranar Laraba, in tafi da su gida, in ja layuka da fensir da rula, in kwafe da tawada, in dawo da shi ranar Asabar a manna a baranda. Ƙa'ida ita ce shugabar makaranta, mudira, ta karanta kafin ta buga hatimi. Amma da aka shafe watanni ba a kama ni da kuskuren ko ɗigo ɗaya ba, sai Abla ta koma kai mata kwalin babu komai a jiki, a buga hatimin a kusurwa tun kafin a ba ni. Hakan ya fi wa kowa sauƙi.

A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi Umma ma, amma da yake mu ba 'yan ƙasa ba ne, gurbina a makaranta duk shekara ake sabunta shi, tare da takardun Baba, wanda ke aiki a sito a tashar jiragen ruwa. Dokar gidanmu ɗaya ce: ki je, ki dawo, kada a san sunanki a ofis.

A wannan lokacin ne Kawu, ƙanen Umma, da ke tuƙa wa wasu Turawa mota a unguwar Abhur, ya shigo mana da kwalin littattafan 'ya'yansu. Za su koma ƙasarsu, sun ce a zubar. Ya dire a gabana yana tsokanata, wai ga abincin malama, tunda an ce ba ta cin tuwo sai takarda. Yawancinsu na dabbobi ne masu sa riga. Ɗaya ne siriri, da hoton teku a bango, kuma shi ya riƙe ni.

Turancina na shekara ɗaya da rabi ne, don haka da ƙamus na bi shi, shafi ɗaya ko biyu bayan la'asar, ina rubuta ma'anar kowace kalma a wani littafi daban don kada in ɓata asalin. Wata yarinya ce ke ba da labarin, 'yar mutanen Taino, mazauna wasu tsibirai can bayan babban teku. Tana taya kakarta matse rogo a yi gurasa ranar da manyan jirage suka tsaya a gaɓarsu. An kai wa baƙin ruwa da abinci a kwalekwale. Da za su tashi suka tafi da yayanta domin ya koyi harshensu, bai dawo ba. Daga baya suka dawo da yawa, suka ce kowane baligi ya riƙa kawo musu zinariya, wanda ya kawo a rataya masa ɗan ƙarfe a wuya. Wanda aka tare a hanya babu ƙarfen ya shiga uku, ko da a ƙofar bukkar da aka haife shi ne.

A wannan shafin na daɗe. Na san yadda Baba yake shafa aljihun gaban rigarsa, inda yake ajiye iƙamarsa, wato takardar izinin zama, kafin ya fita, kullum, ko masallaci zai je.

Ba a fi wata guda ba Abla ta ba ni rubutu a kan manyan matafiya na duniya. Rabinsa a kan Baturen nan ne da ya tsallaka tekun da jirage uku. An yabi haƙurinsa da jarumtarsa. Mutanen da ya tarar kuwa layi ɗaya aka ba su, cewa sun yi murna da 'yan duwatsun wuya da aka raba musu. Abla ta ce in bar gefen hagu, wajen hatimi, in zana jirgin ruwa.

Na kwafe nata tsaf, ban rage harafi ba. A gefen hagu ban zana jirgi ba. Na mayar da labarin yarinyar zuwa Larabci a layi goma sha huɗu, na gyara sau uku a takardar gwaji, sannan na sa shi da tawada iri ɗaya. A ƙasa na rubuta cewa an ɗauko daga wani littafin yara na Turanci, har da lambobin shafuka. Ranar Asabar na manna da hannuna.

Kwana biyu babu malamar da ta tsaya ta duba. 'Yan mata ne suka karanta. Ranar Litinin wata mai baki a ajinmu ta ɗaga hannu ta tambayi Abla ko yayan yarinyar nan ya dawo daga baya. Abla ta ce wace yarinya. Ajin ya ɗauka da bayani baki ɗaya, ita kuma ta fita baranda, ta jima, ta dawo ta kira sunana ba tare da ta dube ni ba.

Mudira ba ta yi gardama a kan tarihi ba. Abin da ya dame ta shi ne hatiminta yana kan maganar da ba ta taɓa gani ba, kuma da mai duba makarantu ta zo, ita za a tambaya. Ta ce in zo da mahaifiyata gobe.

Umma ba ta fita da kayan da take sayarwa a kasuwar Bab Makka ba ranar. Tun daga gida har ƙofar makaranta take nanata mini cewa iƙamar Baba tana hannun kafili, mutumin da ya tsaya masa a ƙasar, ana jiran sabuntawa, wannan ba lokacin da za a buɗe fayil ɗinmu ba ne, duk abin da aka ce in rubuta in rubuta, halas, shi ke nan. Ni dai na rungume jakata, littafin yana ciki.

A ofis an riga an shirya takardar alkawari. Abu biyu ake so in kwafe da hannuna in sa hannu: cewa na yi rubutu ƙarƙashin hatimi ba da izini ba, da cewa labarin ni na ƙirƙira shi. Na rubuta na farko da kyau, na ajiye alƙalami. Mudira ta nuna na biyu da yatsa. Muryata ba ta fita sosai ba, sai da mudira ta ce in maimaita.

"Na farko gaskiya ne. Na biyun ba zan rubuta ba."

Ta tuna mini cewa akwai yara da yawa a waje da ke jiran kujerata. Na ciro littafin na ɗora a teburinta, na buɗe shafin ƙarfen wuya. Ta tura shi gefe. Umma ta matso, ta damƙi gwiwar hannuna har na ji zafi, ta yi mini magana da Hausa ƙasa-ƙasa.

"Ke, dube ni. Ke kika ƙaga shi?"

"A'a, Umma."

"Ko kalma ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta sake ni. Ta juya ga mudira da Larabcinta na kasuwa, ta ce yarinya ta yi laifin hatimi, a hukunta ta a kansa yadda aka ga dama, ita ma za ta ƙara mata a gida. Amma ba ta kawo ta makaranta don a koya mata sa hannu a kan ƙarya ba. Ban taɓa jin Umma ta yi wa mai ofis magana haka ba.

Aka kira malamar Turanci. Ta karanta shafukan a tsaye, ta gwada da abin da ke kwalin, ta ce fassara ce, kuma babu ƙari. Mudira ta soke layi na biyu da jan biro, ta sa Umma ta dangwala yatsa a ƙasan na farko, ta jefa takardar cikin fayil ɗina. Ta ce an cire ni daga mujallar bango, maganar gurbi kuma sai ƙarshen shekara za a gani. Littafin ma ta riƙe.

A hanya Umma ta murɗe mini kunne, ta ce kada Baba ya ji komai sai iƙamarsa ta fito. Haka muka zauna da maganar mu biyu har zafi ya shigo. Abla ta daina kiran sunana a aji, ni kuma na ci gaba da zama a layin gaba, ina amsa jarrabawarta daidai yadda littafin makaranta ya ce.

Ranar da aka kafe sunayen waɗanda aka sabunta wa gurbi, Umma ta ce tare za mu je. Ba ta iya karatun Larabcin boko ba. Ta tsaya a bayana cikin cunkoson uwaye, na bi takardar daga sama har na iso kusa da ƙarshe. Na ce mata sunana yana nan. Ta ce in ɗora yatsana a kai ta gani. Na ɗora, ta duba na ɗan lokaci, sannan ta ce yalla, mu tafi, ta bar wata maƙwabciya tana tsare mata kaya.