Gwiwoyin Baba Inci

Baba Inci tela ne, kuma ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya ce masa, "Saura inci ɗaya, dawo gobe." Gobensa kuwa takan kai mako biyu. Shagonsa ɗaki guda ne a bakin titi, jikin na mai aski: keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, da gwangwanaye cike da maɓallan da ya tara shekara talatin.

Da can siriri ne kamar allurarsa, don ƙafa ke tuƙa keken tun safe har yamma. Ranar da ya sa wa keken injin lantarki, ranar ƙafa ta yi ritaya, tumbi ya kama aiki. Shi da bakinsa yake cewa, "Ni da yatsun ƙafata yanzu sai dai saƙon gaisuwa."

Bai ɗauki abin da zafi ba sai da wani malamin makaranta ya zo awon wando. Baba Inci ya tsuguna ya kai tef har idon sawu, ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ya sake yunƙurawa, shiru. Sai ya cafki abin da ya fi kusa, wato wandon malam. Malam ya riƙe ƙugu da hannu biyu yana salati, sai da mai aski ya shigo suka ɗaga shi kamar buhun siminti.

Tun daga ranar ya ƙirƙiro awon tsaye. Ya dafa tef a ƙugun mutum, ya sake shi ƙasa, ya leƙa ta saman tumbi, ya cike sauran da hasashe. Wai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nasa idon dai bai sani ba. Wandon wani ya tsaya a ƙwauri kamar mai shirin tsallake kwata, na wani kuma yana share titi kyauta. Masu ɗinki suka fara sulalewa wajen sabon telan ƙarshen layi, benci ya koma wurin barcin kyanwa. Shago na shirin mutuwa, shi kuwa ban da allura da zare bai iya komai ba.

Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata. Ita ya kai wa kuka, yana fatan ƙwaya.

Ta ce, "Baba, in ka bar keke wata shida ba ka taka ba, me zai yi?"

"Ya cije."

"To, ka cije. Ba allura, ba ƙwaya. Motsi za ka yi, kaɗan-kaɗan."

"A titi? Mai aski ya gan ni ina gudu ba wanda ya biyo ni? Gara ki kai ni asibiti a kwantar."

Matarsa, Maman Nas, ita ta samo dabara. Ta aiki tagwayenta mata, 'yan shekara goma sha biyu, suka kwaso gwangwanin maɓallai daga shago. Kullum da safe kafin makaranta sai ta watsa su a tsakar gida. Kowa da kalarsa, kowa guda goma. Ka tsuguna ka ɗauki ɗaya, ka ruga ka jefa a kofinka da ke kan taga, ka dawo. Wanda ya zo ƙarshe shi ne da wanke-wanke. Da yamma kuma a kitsa ƙyallayen shago a yi igiyar tsalle, ko a kunna rediyo a taka rawa, wanda ya fara zama ya share gida.

Kwana uku Baba Inci yana zuwa ƙarshe. Kowane maɓalli sai ya dafa bango, ya yi nishi, ya kira sunan Allah. Tagwaye suna tsalle suna cewa, "Baba, saura inci ɗaya!" Maƙwabta kuma, masu tumbin da ya fi nasa, sun jeru a kan katanga suna ba da shawara, ba wanda ya sauko.

Rana ta huɗu ya fito cikin doguwar riga mai jan ƙasa, ya ce, "Ni a ba ni na ƙarfe, sun fi sheƙi, idona ya fi ganinsu." Aka ba shi. Abin da ba su sani ba, akwai maganaɗisun da yake tsintar allura da shi a shago, ya ɗinke shi tsaf a cikin kalmasar rigar. Sai ya ratsa tsakar gida yana nishin ƙarya, maɓallai suna manne masa, ya zaga bayan durom ɗin ruwa ya ɗaga gefen riga ya cire, ya riƙa kai su kofi ɗaya-ɗaya. Mako guda yana zuwa na ɗaya. Har ya fara yi wa Maman Nas wa'azi. "Kin ga, abin sa kai ne. Ki dage."

Ranar da asiri ya tonu, ya bi ta gefen kwanukan wanke-wanke ne. Yana tafe ana jin ƙacau-ƙacau a bayansa: ƙusa biyu, murfin kwalba, da ƙaramin cokali yana reto.

Maman Nas ta riƙe haɓa. "Baban Nas, tun yaushe cokalina ya fara bin ka?"

"Ƙauna ce," in ji shi, yana ja da baya.

Tagwaye suka faɗi ƙasa don dariya. Nas ce kaɗai ba ta dara ba. Ta ce, "Baba, jiya wando nawa aka kawo maka?"

Ko ɗaya ba a kawo ba.

"To mu ka cuta, ko wa?"

Ya cire cokalin ya miƙa wa matarsa. "Na ci gasa, shago ya faɗi. Wallahi ko jaki ya fi ni lissafi."

Hukuncinsa, aka ba shi maɓallan roba, 'yan mitsi-mitsi na wuyan riga. Mako shida yana wanke-wanke, har ya ce tafin hannunsa ya koma na jariri. Amma a mako na uku ya daina dafa bango. A na biyar ya yi tsallen igiya sau huɗu, ƙasa ta amsa, kaji suka watse. Maman Nas ma da ta shiga don ta yi masa dariya, ta wayi gari tana hawa matakalar kasuwa ba hutu a tsakiya, sai dai ba ta yarda a faɗa.

Ran nan wani dogon mutum, sabon zuwa unguwar, ya sunkuyo ya shigo shago da yadi a hammata. Ya ce, "An ce in wuce ƙarshen layi, wai kai ba ka kaiwa ƙasa. Amma can layi ya yi yawa."

Baba Inci ya dubi ƙafafun nan kamar turakun lantarki. Mai aski ya riga ya leƙo, ya naɗe hannun riga yana jiran aiki.

Ya dafa tef a ƙugu, ya yi bisimilla, ya sauka har idon sawu. Ya yunƙura. Gwiwar dama ta yi ƙara, ta hagu ta amsa, sai ga shi tsaye, hannunsa bai taɓa wandon kowa ba. Ya juya wajen mai aski. "Koma bakin aikinka, maƙwabci, yau ba dako!"

Ya ɗauki biro ya buɗe littafin awo, ya tsaya.

Dogon ya ce, "Nawa ne tsawon?"

Murna ta cinye lambar. Baba Inci ya ajiye biro, ya sake ɗaukar tef. "Gyara tsayuwa, ɗana. Telan kirki sau biyu yake awo."

Ya sake tsugunawa.