Halidu da Akwatin Ɗaukar Magana

An haifi Halidu a unguwar Gaweye ta birnin Yamai, bakin kogi. Mahaifinsa ɗan Tawa ne, mahaifiyarsa Hamsatu Bazabarmiya, saboda haka ya tashi da harshe biyu a baki. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Yamai, ya wuce Dakar ya karanta ilimin harsuna da al'adun al'umma. Ƴan shekaru bayan samun mulkin kai ya dawo gida yin bincike don babban digiri, ɗauke da akwatin ɗaukar magana mai faifan zare.

Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba. So yake ya ji yadda haifaffun Yamai ke Hausa a kasuwa: me ya sa wani zai ce wa mace "ya zo", wace kalmar Zabarmanci ke kutsawa cikin ciniki, wa ke tsokanar wa da wasan ƙabila.

Sai dai lokacin ba na sakin baki ba ne. Ana kama mutane kan siyasa, kowa na taka-tsantsan da maƙwabcinsa. Salisu, wani dattijo ɗan Maradi mai sayar da goro, ya tare shi wata safiya.

"Ɗana, wa zai saurari abin nan?"

"Ni da malamina, Baba."

"Malamin naka Bature ne?"

"E."

"To. Shi kuma wa zai ba?"

Halidu ya yi bayani har ya gaji, Salisu na gyaɗa kai kawai. Daga ranar, in ya doso rumfa sai hira ta koma kan tsadar hatsi. Mata suka rage shiga wurin Hamsatu. Ita ma ta ce masa, "Karatun da sai an saci muryar mutane, ni ban gane masa ba."

Ana haka wani mutum mai baƙin tabarau ya yi sallama a ƙofar gidansu. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi wanda ya aiko shi ba. Ya yaba aikin Halidu ƙwarai, sannan ya ce yana son aron faifan da aka ɗauka a rumfar mahauta ranar Juma'a.

A faifan nan akwai wani mahauci da ya manta da akwatin, ya zagi masu mulki.

"Faifan ya lalace, ranka ya daɗe," in ji Halidu.

"Ka duba dai. Zan dawo."

Mutumin na juya baya Halidu ya shafe faifan, ya bi sauran duka ya shafe, aikin wata da watanni. Baƙon ya dawo, ya saurari shuru, ya tafi. Unguwa kuwa ta ga shigarsa sau biyu, zargin cewa Halidu ɗan leƙen asiri ne ya zama tabbas. Halidu bai iya wanke kansa ba, don in ya faɗi gaskiya ya tona mahaucin.

Digirin bai samu ba. Ya karɓi aikin koyarwa a Harobanda, kullum yana ƙetare kogi a kwalekwale kafin a gina gada, har ya yi ritaya ana kiransa Mushe Halidu, yadda ake kiran malaman lakwal.

Mutum ɗaya tak ya taɓa kunna wa faifan mahautan nan kafin zuwan baƙon: Mumuni, abokinsa tun Dakar, wanda ya samu babban aiki a gwamnati a shekarar da abin ya faru. Halidu bai taɓa tambayarsa ko shi ya kai labarin ba. Suna gaisawa a wurin suna da jana'iza, amma Halidu bai ƙara taka gidansa ba.