Gawon Ƙarshe a Gonar Ma'azu

Ma'azu na Barmu masassaƙi ne, kuma in kin taɓa dakan hura a Tawa, wataƙila a turminsa kika daka. Da itacen kirya ya ƙare a daji sai ya koma saran gawo, har ya rage guda ɗaya, na tsakiyar gonarsa. A ƙarƙashinsa kaɗai hatsi ke yin zangarniyar kirki.

To, bana rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Ma'azu ya wasa gatari.

Matarsa Haula ta ce, "Malam, in ka sare shi, baɗi me za mu ci?"

Ya ce, "To bana fa, Haula? Inuwa za ki dama mana?"

Da hantsi ta ɗauki igiya ta bi shi gona, ko ta samu rassan girki.