Hijabai Shida Zuwa Jibi

Shekarar da aka rufe boda, wani mutum ya kama hayar gidan da ke jikin namu a Ƙofar Guga. Ya ce sana'arsa fataucin albasa. Ban taɓa ganin an shiga da buhu ko ɗaya ba, ko warinta ban ji ba. Abin da nake ji ta katanga muryoyin mutane ne da ba sa jin Hausa, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu sai muryoyin su canza.

Tun ina yarinya na san baƙinmu daga arewa suke zuwa, 'yan ci-rani daga wajen Maraɗi, su yi ga-ruwa ko gadi, damina ta faɗi su koma gona. Ba mai tambayarsu takarda, rabinsu ma danginmu ne. Waɗannan kuwa daga kudu suka fito, kuma arewa suka dosa.

Ni ɗinki nake yi a cikin gida. Wata Laraba da hantsi matar mutumin ta yi sallama, tana tafe da wata doguwar budurwa wadda ta ƙi haɗa ido da ni. Bayan mun gaisa ta zube baƙin yadi a kan tabarma.

"Hajiya, hijabai shida nake so, har ƙasa. Zuwa jibi."

"Biki za a yi?"

"Ƙannena ne suka zo karatu."

Na tashi in auna budurwar. Na ce ta ɗaga hannu, ta yi tsaye ba ta gane ba, sai da aka gwada mata da hannu. Da matar ta fita amsa waya, yarinyar ta matso ta tambaye ni da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, wai daga Jibiya zuwa Agadas awa nawa ne a babur ta cikin daji? An ce mata aikin gyaran gashi na jiran ta can gaba. Na ce ina fasfonta? Ta nuna katangar gidan mutumin da haɓa.

Da matar ta dawo na ce mata kekena ya lalace, na miƙa mata yadinta. Ta daɗe tana kallon rigar da ke ƙarƙashin allura kafin ta karɓa.

Da la'asar na gaya wa maigidana. Ya ce, "Kin tabbata? Mutumin nan a sahun gaba yake salla." Duk da haka ya je wurin mai unguwa. Washegari da aka zo dubawa, sai katifu a ƙasa da tukunyar shinkafa da ba a ko taɓa ba. Wani ya riga ya kai musu labari.

Mutum uku maigidana ya tarar a zauren mai unguwa lokacin da ya yi maganar, duk abokansa tun na ƙuruciya. Har yau suna gaisawa, amma ya daina zama majalisarsu. An ce an ga mai albasar wajen Batagarawa, ya kama wani gidan. Budurwar kuwa ban sake jin labarinta ba.