Ranar da na ƙi binne bututun banɗaki

Shekarun baya, an kira ni aikin famfo a wani bene da ake ginawa bayan Ƙofar Wambai, na wani dattijo mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal. Ni karatuna a firamare ya tsaya, amma ina iya karanta zane. Kuma Allah ya yi ni da waswasi. Ni ne mutumin da zai ɗaure famfo, ya kama hanya, ya dawo ya sake taɓawa ko yana ɗiga.

Injiniyan da ke kula da ginin yana da wata ɗaliba da jami'a ta turo masa koyon aiki na wata shida, Kirista ce daga kudancin jiharmu. Ita ya ba zanen hanyoyin ruwa da na iska. Yarinya ce mai ladabi, Baba take ce mini, ni kuma in tsokane ta da Injiniya ƙarama.

Ana gobe za a zuba kankare, na shiga shimfiɗa bututun banɗakuna shida. Kafin in yanka bututu, ɗabi'ata ce in tsuguna a inda za a kafa masai, in ji ko akwai wurin ajiye buta. To, na tsuguna ke nan kamar mai uzuri, na ɗaga kai, sai ga birkilanmu can a tsakar gida yana sallar azahar. Inda ya fuskanta, nan na fuskanta. Na zaga sauran biyar ɗin ina tsugunawa, leburori suna dariya wai cikin Baba ya ɓaci. Duk shidan alƙibla suke kallo.

Na kira ɗalibar na nuna mata. Ta ce, "Baba, ba a koya mana wannan ba. Ni hanyar da ta fi kusa da ramin sokawe na bi."

Muna cikin haka injiniya ya iso. Bai ma bari na gama ba. "Malam, an kira ka ka sa bututu ne ko ka yi wa'azi? Gobe motar kankare za ta zo. Bi zane."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka zuba kankare, shi ke nan, sai fasawa."

Birkila ya sa baki, ya ce shi ya ji malamai sun yi sauƙi in a cikin gini ne. Na ce na ji haka ni ma, kuma ban fi malamai sani ba. Amma gidan mutanen cikin gari ne, da tsofaffi a ciki, kuma yau juyawar ba ta wuce ƙarin gwiwar bututu ba.

Injiniya ya ce, "Ajinka nawa a boko da za ka gyara zane?"

Aikin wata uku ne, ga iyali. Amma na sunkuya na tattara zartona da tef da gwangwanin gam, na zuba a buhu. Na ce, "Aji shida. Kuma hannuna ba zai binne wannan ba. Nemo wani."

Ya ce in tafi, masu aikin famfo sun fi ƙudaje yawa a garin nan. Na tafi. Kwana uku ina juya maganar. Ko na yi rashin kunya? Ko na jawo wa yarinyar mutane faɗa? Mai ɗakina ta ce, "Kai da ko kaza ba ka iya kora, yau kai ne mai yi wa injiniya tsaye?"

A rana ta huɗu ɗalibar ta kira ni. Ashe da na fita, ta ɗauki tef ta sake awo ita kaɗai, ta juya masai ɗin duka suka kalli kudu, ta lissafa gangaren ruwa ya fita daidai. Ta kai wa ogan nata ta ce ba za ta sa hannu a tsohon zanen ba, tunda kuskuren nata ne. Ya yi faɗa, amma sabon zanen ya miƙa wa wanda ya gaje ni. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban iya dawo maka da aikinka ba."

Bai dawo ba kuwa. Injiniyan nan bai sake nemana ba, ni ma ban taɓa zuwa ba shi haƙuri ba, kuma ba zan je ba. Dattijon mai gidan har yau bai san an yi ba.

Mutane suna ɗauka mai tsoro ba ya iya cewa a'a. Yana iyawa. Muryarsa ce kawai take rawa.