Bindigar Baba Haladu a Bakin Sito

Cikin shekarun da na yi ina zagayen duba masu gadi, wata Laraba ba ta fita daga raina ba. Kamfaninmu na gadi yana Kazaure, ni kuma aikina in bi wuraren da muka ajiye ma'aikata in ga yadda suke. Da hantsi na hau babur zuwa Kanya Babba, inda muke gadin wani siton riɗi.

Wanda muka ajiye a can shi ne Baba Haladu, tsohon maharbi, mako biyu da ɗaukarsa. Na tarar da shi zaune cikin rigar kamfani, bindigarsa ta farauta a kan cinya. Muka gaisa, na tambayi iyali, sannan na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya zaro wata takarda naɗe cikin fata. "Lasisina ne, Malam. Ban taɓa bari ya mutu ba. Mai siton ma shi ya ce in zo da ita."

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda abin yake. Lasisin na mutum ne shi kaɗai, don farauta. Doka ba ta yarda mai gadin kamfani ya riƙe bindiga a bakin aiki ba, ko da yana da lasisinsa. Abin da muke bayarwa gora ce, da tocila, da usur, da lambar 'yan sanda. In hukumar da ke sa mana ido ta gan shi haka, tana iya rufe kamfanin. A ƙa'idarmu kuma, duk wanda aka samu da makami kora ce nan take.

Na yi masa wannan bayani a hankali. Ya ce, "Yanzu ni da furfurata in riƙe sanda kamar mai kiwon awaki?"

Na ce, "Ba ka karanta takardar da ka dangwala wa hannu ba?"

"Da Turanci take. Aka nuna mini wuri, na dangwala."

Na koma gefe na kira manajanmu, na gaya masa komai. Ya ce, "Ka san doka." Na ce, "Ranka ya daɗe, na sani. Amma mu ba mu karanta masa ita ba." Sai ya ce in bindigar ta bar wurin kafin azahar, gargaɗi kawai zai rubuta, kuma shi zai yi magana da mai siton.

Baba Haladu ya daɗe yana shafa bindigar, wadda ya gada daga mahaifinsa. Can ya ce, "In na tuɓe rigar nan, ni maharbi ne ko?" Na ce haka ne. Ya tuɓe ta, ya ninke, ya sa tasa, ya rataya bindiga ya nufi gida. Na zauna a kujerarsa. Kafin a kira salla ya dawo, ya mayar da riga, ya miƙo hannu. "Kawo sandar awakin."

Alhamdu lillahi, ya shekara shida tare da mu, ba a taɓa ɗaukar ko buhu ɗaya a hannunsa ba. Tun daga ranar ba na barin kowa ya dangwala hannu sai na karanta masa dokokin da Hausa, wanda ya iya ajami kuma in rubuta masa ya tafi da ita. Na gane yawancin mutanenmu ba ƙin doka suke yi ba, ba a dai zauna an gaya musu ita ba ne.